Tambari Sai Sarki

A wani ɗakin ƙasa a garin Adabka, cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum, akwai wata tsohuwar jakar fata rataye a jikin ƙusa, sama da inda hannun yara zai kai. Sanduna biyu ne kawai a cikinta, gajeru masu kauri, mariƙinsu ya yi sulɓi saboda gumin mutum uku: kaka, da uba, da mai ɗakin. Su ne iyakar abin da wannan dattijo ya mallaka daga sana'ar da ya gada. Gangar da ake bugawa da su ba a gidansa take ba. Tana ajiye a wata tsohuwar fada ta wannan yanki, a lulluɓe cikin ɗaki mai duhu, kuma ba ya sa ta a ido sai ranar da aka aiko kiransa.

Shekarunsa sun haura sittin. Maƙwabta sun fi saninsa da noman gero da dawa, sai kuma kalangun da yake ratayawa idan biki ya samu. Amma in aka tambaye shi sana'arsa, ba ya ambaton ko ɗaya daga cikinsu. Cewa yake yi shi makaɗin tambari ne. A shekarar da ta zo da alheri yakan buga tambarin nan sau biyar ko shida: jajibirin ƙaramar Sallah, jajibirin babba, sai in an yi naɗi ko babban baƙo ya sauka. Sauran kwanakin shekara kuwa jira yake yi.

Yana da ɗan'uwan sana'a a nesa wanda bai taɓa jin labarinsa ba. A Landan da Balin da Faris akwai babban taron makaɗa da ake kira okestira, inda mutum saba'in ko ɗari ke zama da goge iri-iri da sarewa da ƙaho, suna bin hannun madugu guda. A can layin baya akwai mutum ɗaya tsaye ko zaune a tsakiyar manyan ganguna, galibi huɗu, masu kama da tukwanen jan ƙarfe da aka rufe bakinsu da fata. Sunan gangar timfani. Kamar tambari, baki ɗaya gare ta, gindinta a rufe yake kamar akushi, kuma da sanduna biyu ake bugun ta. Da yawa daga masu kaɗa ta ba su da kujerar dindindin a kowace okestira. Jinga suke yi: a kira su yau a nan, jibi a can, a sallame su da zarar an tashi. Idan aka jera rayuwar wannan ɗan jinga da ta dattijon Adabka, za a ga abin da ke faruwa da makaɗin sarki a lokacin da fada ta daina iya ciyar da shi, da kuma dalilin da ya sa ɗaya ya sami kasuwa, ɗayan bai samu ba.

Gangar mulki

Timfani ba a zauren kiɗa aka haife ta ba. Asalinta ƙananan gangunan Larabawa ne da ake kira naƙƙara, waɗanda suka shiga Turai a zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Manyan kuwa, irin waɗanda ake ɗora wa doki biyu-biyu, daga rundunonin Turkawa suka biyo ta gabashin Turai. A 1457 tawagar Sarkin Hangari ta isa Faransa neman aure da irin waɗannan ganguna, mutane suka yi ta mamakin girmansu. Nan da nan sarakunan Turai suka mayar da su alamar mulki, suka haɗa su da dogon ƙahon ƙarfe, ba a jin ɗaya sai da ɗayan. A 1623 aka ba masu busa ƙahon da masu bugun gangar a ƙasashen Jamus takardar gata ta musamman, wadda ta tsara wa zai koya, wa zai koyar, da wanda ya isa a kaɗa masa. Talaka bai isa ya ajiye ta ba, kuma ƙwace ta daga hannun abokan gaba a fagen fama babban abin alfahari ne.

Duk Bahaushen da ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya san wannan tsari, domin shi ne tsarin tambari da kakaki. Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wato kusan lokacin da Faransawa ke mamakin gangunan Hangari. A Katsina, gwauron tambari yana cikin kayan sarauta tare da takobin nan Gajere. A wurin Buzaye kalma ɗaya ce ke nufin gangar sarauta da ikon da take wakilta, har Hausawa suka riƙa kiran wasu shugabanninsu da Tambari. Ƙa'idar a ko'ina ɗaya ce, kuma a taƙaice take: tambari sai sarki.

Ƙasar Zamfara ta san nauyin wannan ƙa'ida fiye da wurare da yawa, saboda sarautarta ta sha ƙaura. Bayan da Gobirawa a ƙarƙashin Babari suka ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 suka gina Alƙalawa, zuriyar sarakunan Zamfara ta yi ta sauya mazauni kafin ta tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19. Sarautar da ta rasa ganuwa da fada ba ta da shaidar da ta wuce abin da za a iya ɗauka a ka ko a ƙirji: kayan sarauta, da jerin sunaye, da taken kowane sarki a hannun makaɗa. Shi ya sa gidajen kiɗa a ƙasashen Sarkin Zamfara na Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Danko na Bukkuyum suke ɗauke da wani ɓangare na tarihin da ba a rubuta ba.

Ko jihadi bai kawar da tambari ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin hijira, ya soki kaɗe-kaɗen sarakunan Haɓe a cikin Kitabul Farƙ, amma ya bar ƙofa ga gangar da ake bugawa don wata manufa ta shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. Ta wannan ƙofa tambari ya wuce. Ya zama gangar sanarwa, gangar da ba a tuhuma. Kalangu da sauran kiɗan nishaɗi su ne suka ci gaba da zama a ƙarƙashin idon malamai. Wannan rabo na tun shekaru ɗari biyu shi ne har yau ke yanke wa dattijon Adabka abin da zai ci.

Sana'ar jira

Wanda bai sani ba zai ɗauka babu kiɗan da ya kai waɗannan biyu sauƙi: a ɗaga sanda a sauke. Wahalarsu tana cikin abin da ba a gani.

Mai timfani yakan zauna minti goma ko ashirin bai taɓa fata ba, yana ƙirga a zuci, domin bugu ɗaya da ya riga lokacinsa da ƙiftawar ido ya isa ya ɓata aikin mutum tamanin, kuma babu inda zai ɓuya, tun da shi kaɗai ke riƙe da wannan murya. Gangarsa tana da sauti ƙayyadajje da dole ya dace da na goge da sarewa. Tun wajen 1881, lokacin da aka ƙirƙiro feda a birnin Dresden na Jamus, da ƙafa yake ɗaure fatar ko sassauta ta. Sau da yawa za a gan shi ya sunkuya ya kai kunne dab da fata yana ɗan taɓa ta da yatsa, yana neman sautin da za a buƙata nan gaba alhali sauran makaɗa suna cikin wani sautin dabam. Masu tsara kiɗa sun san darajarsa. A 1806 Beethoven ya buɗe wani shahararren kiɗansa na goge da 'yan bugu masu taushi na timfani ita kaɗai. A 1837 Berlioz na Faransa ya nemi timfani 16 da makaɗa 10 a kiɗa guda.

Dattijon Adabka bai san rubutun kiɗa ba, amma ya san wannan jira. Ya san yadda fatar sa ke saki da damina har muryarta ta dushe, da yadda take ɗaurewa da hunturu har a ji tsoron ta tsage, abin da ke damun Baturen da ya zaɓi fatar maraƙi a kan ta roba. Ya san cewa kafin a fara sai ya shimfiɗa tafin hannu a kan fatar ya ji halin da ta kwana. Abin da ya fi wuya shi ne yadda ya koya. Ɗalibin timfani yana da ɗaki a makarantar kiɗa inda zai yini yana kuskure ba wanda ya damu. Tambari ba a gwaji da shi, domin duk bugun da ya fita sanarwa ce: gari zai tambaya ko an ga wata, ko an yi naɗi, ko wani abu ya faru. A kan turmi kife ya koya, da kan cinyarsa, da kan tabarma, mahaifinsa na zaune yana saurare. Ya shekara fiye da goma yana riƙe wa mahaifinsa jakar sanduna kafin ranar da aka ce ya matso. Ranar farko da sandarsa ta taɓa tambari, a gaban sarki ne da jama'a.

Abin da yake bugawa kuma magana ce. Hausa harshe ne mai karin sauti, ganga tana iya bin hawa da saukar kalma, shi ya sa kowane sarki yake da takensa, kuma wanda kunnensa ya saba yakan ji suna da kirari a cikin bugun. Dattijon yana riƙe da taken sarakunan gidan da yake yi wa kiɗa, ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin da suka hau. Akwai waɗanda ko jikokinsu ba su san takensu ba sai shi.

Inda hanya ta rabu

A ƙarni na 18 makaɗin Turai bara ne kamar kowane bara. Joseph Haydn, ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗansu, ya shiga hidimar gidan sarautar Esterhazy a 1761, yana sa rigar barorin gidan, yana rubuta abin da ubangidansa ke so. Da ubangidan ya rasu a 1790, magajinsa ya sallami yawancin makaɗan. Haydn ya nufi Landan a 1791, inda ya tarar da wani sabon abu: mutanen gari, 'yan kasuwa da lauyoyi da likitoci, suna sayen tikiti don su zauna su saurari kiɗa. A can ne a 1795 ya gabatar da kiɗan da ya buɗe da dogon rugugin timfani. Gangar sarakuna ta sami sabon ubangida, wato duk wanda ya biya kuɗin ƙofa.

Daga nan sana'ar ta gina wa kanta katanga. Aka kafa makarantu, aka rubuta darussa, aka yi ƙungiyoyin ƙwadago masu yanke mafi ƙarancin ladan gwaji da na wasa. A 1904, da madugu Henry Wood ya hana makaɗansa al'adar turo wakili idan sun sami aikin da ya fi tsoka a wani wuri, da yawansu suka fice suka kafa okestirar London Symphony, wadda su makaɗan ke mulkin ta da kansu. Wannan bai sa rayuwar ɗan jinga ta zama mai daɗi ba. Kujerar babban mai timfani ɗaya ce tak a yawancin okestira, wanda ya same ta kuma yakan riƙe ta shekara ashirin ko talatin. In ta faɗi, mutane da yawa ne ke zuwa gwaji, sau da yawa a bayan labule don kada alƙalai su ga fuska. Wanda bai dace ba sai ya rayu da wayarsa a hannu, ya cike giɓi da koyarwa, ya sayi ganguna masu tsada da motar ɗaukarsu, kuma ya san cewa rashin lafiyar wata guda asarar wata guda ce. Da annobar korona ta rufe zaurukan kiɗa a 2020, 'yan jinga ne suka fara shiga uku. Duk da haka, yana da abu ɗaya: gangarsa tasa ce, kuma yana iya kaɗa ta ga duk wanda ya kira.

A ƙasar Hausa ma fada ta yi rauni, sai dai a hankali. A zamanin mahaifin dattijon, makaɗin fada ba shi da albashi, amma yana da abin da ya fi albashi a wancan lokaci: damman hatsi da kaka, riga da Sallah, gona, wani lokaci doki, kuma in zai aurar da 'ya ubangida ne ke ɗaukar nauyi. Duk wannan ya dogara ne da cewa haraji da shari'a da 'yan doka suna bi ta hannun sarki. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 an ɗaukaka darajar gidajen sarauta da dama, rawuna suka ƙaru, amma rumbun da ake ciyar da fadawa da makaɗa daga cikinsa bai dawo ba. Sarkin da shi kansa albashi yake jira ba zai iya riƙe gidaje goma na makaɗa kamar yadda kakansa ya yi ba.

Mawaƙa sun sami mafita. Ibrahim Narambaɗa ya rayu a inuwar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sa'idu Faru ya tsaya ga Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Musa Ɗanƙwairo kuwa, wanda ya taso a hidimar gidan sarautar Maradun, shi ne ya nuna iyakar inda hanya za ta iya kaiwa: ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa sarakunan Daura da Kano da Zazzau, ya yi wa attajirai, rediyo da kaset suka kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba, har ya rasu a 1991. Abin da Landan ta yi wa Haydn, shi Rediyon Kaduna da faɗin Arewa suka yi wa Ɗanƙwairo. Kotso da taushi ana rataya su a shiga mota, waƙa kuma ana iya ɗinka ta daidai wuyan kowane mai riga.

Tambari bai da wannan dama. Ba mallakar mai kaɗa shi ba ne, ba ya fita sai da sarki, kuma ba shi da abin da zai faɗa wa wanda ba a naɗa ba. Darajar da ta tsare shi daga tuhumar malamai ita ce ta hana shi shiga kasuwa. Mai shi ya zama ɗan jinga mai abokin ciniki guda ɗaya a duniya.

Abin da ake ci

Saboda haka dattijon ya rataya kalangu, gangar da kakansa zai ce ta mahauta ce da 'yan mata. Da ita ya yi shekaru yana zaga bukukuwan aure da suna a ƙauyukan Bukkuyum da Gummi, da ita ya biya kuɗin makarantar yara. Amma wannan rumbu ma ɓeraye sun shige shi ta kusurwa da yawa.

Na farko, ra'ayin jama'a game da kiɗa ya sauya. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi, ya yi shekaru tafsirinsa na shiga gidaje ta rediyo, kuma ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta sa mutane da yawa sake duban yadda suke biki. Gidaje masu yawa suka koma walima da wa'azi. Da Zamfara ta fara aiki da shari'a a watan Janairu na 2000, kiɗan biki ya ƙara shiga takura a jihohin Arewa da dama. Ba wanda ya ce uffan game da tambari. Gangar da aka yarda da ita ba ta ciyarwa, wadda ke ciyarwa kuma ita ake harara.

Na biyu, inda aka ci gaba da kiɗa, na'ura ta karɓe fage. Yaro ɗaya da lasifika da janareto da waƙoƙin situdiyo a cikin waya ya fi makaɗa biyar araha.

Na uku shi ne mafi muni. Yankin da aka san shi a duniya a 2010 saboda gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum, shi ne kuma ya zama ɗaya daga cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba. Biki yana son dare, da hanya, da baƙi daga nesa, da mai gidan da ba ya tsoron a san yana da abin hannu. Duk waɗannan sun yi ƙaranci. Ana ɗaura aure da hantsi a watse kafin la'asar. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a faɗin jihar aka kuma dakatar da kasuwannin mako, mutumin da abincinsa ke zuwa ta hanyar kira ya zauna makonni wayarsa ba ta yi ƙara ba.

A cikin wannan hali ne, ana gab da zaɓen 2023, wani saurayi ya zo da mota ya yi sallama a ƙofar gidansa. Yaron wani ɗan takara ne. Maigidansa yana son a fito da tambari ranar babban taronsa, domin a cewarsa kalangu kowa na da shi. Ya ce su za su san yadda za su yi da mutanen fada, abin da ake nema kawai hannun da ya iya. Ya ambaci kuɗin da ya fi abin da gonar dattijon ke bayarwa a damina guda.

Babban ɗansa, wanda ke sana'ar acaɓa kuma shi ke ɗauke da rabin cefanen gidan, ya bi shi cikin ɗaki.

"Baba, wanga kuɗi fa ba mu sake ganin irinai. Bugu ɗai na, ba a ce ka saida shi ba."

Dattijon bai ɗago ba. "Tambari ba nau na ba, balle in ba da aro. Ko an buɗe min ɗakin an ce ɗauka, wane take ni ka kaɗa ma wanda ba a naɗa ba?"

"To mi munka samu ga wanda anka naɗa?"

Bai amsa ba, domin tambayar tana da gaskiyarta. Ɗan ya ga abin da gadon ya jawo masa: ya ji yadda ake kiransu maroƙa, ya san gidan da aka hana shi aure saboda asalinsa, kuma bai ga rigar ko dokin da ake ba da labari ba. Tun yana saurayi ya ce shi ba zai koya ba. Ranar taron dattijon ya tafi da kalangunsa ya tsaya cikin sauran makaɗa. Lokacin ƙarancin takardun naira ne, liƙi ya yi wuya, abin da ya dawo da shi bai kai kuɗin buhun taki ba.

Za a iya cewa taurin kai ne. Amma lissafinsa ba na banza ba ne. Ranar da aka buga tambari don wanda ya biya, ya zama ganga kamar kowace, kuma a kasuwar ganguna lasifika ta riga ta yi nasara. Abin da kawai ya rage masa mai daraja shi ne cewa akwai bugun da kuɗi ba ya saye. Shi ke biyan kuɗin tsare wannan daraja, daga cikin tukunyar gidansa, a madadin masarauta da jama'ar da ke alfahari da ita.

Wa zai riƙe jakar

Masana sun yi nasu ƙoƙari. M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo da matsayin maroƙa a 1957. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kayan kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa. Sai dai hankalin masu nazari da na masu saurare ya fi karkata ga mai waƙa, saboda kalmominsa ana iya rubuta su. Ma'aikacin da ke jin Ɗanƙwairo a mota kowace safiya zai iya kawo baitoci da ka, amma da wuya ya ambaci sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke riƙe da kotso a bayansa. Mai tambari ya fi su ɓacewa, tun da shi ko a kaset bai cika fitowa ba.

Kiɗan Beethoven yana kan takarda. Ko da duk masu timfani na duniya sun bar sana'ar yau, wani zai iya tasowa bayan shekara hamsin ya buɗe littafi ya dawo da shi. Taken sarakunan da ke hannun dattijon Adabka ba shi da wani mazauni sai wannan hannu. Abin da ake buƙata don tsare shi bai fi ƙarfin kowa ba. Ɗalibi ɗaya daga Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da waya mai ɗaukar murya da izinin fada, zai iya naɗar kowane take tare da sunan mai shi da fassarar abin da gangar ke faɗa. Majalisar masarauta za ta iya sa mai tambari da ɗalibinsa a jerin masu ɗan alawus na wata, yadda ake yi wa dogarai. 'Yan boko da 'yan kasuwar da ke karɓar sarautu, waɗanda ke kashe dukiya a kan rumfuna da kalanda da abincin rana guda, za su iya tambayar wane ne ya buga gangar da ta tabbatar da rawanin da ke kansu, da kuma abin da zai ci bayan an watse. Kasuwa ba za ta ceci tambari ba, tun da an haramta masa ita. Wanda ya ce a tsare masa abu daga kasuwa, shi ya kamata ya ciyar da mai tsaron.

A gidan dattijon akwai jika, ɗan babban ɗan nasa, yaro mai shekara goma sha ɗaya. Ba wanda ya sa shi. Tun yana ƙarami yake zama kusa idan kakan na lallaɓa tabarma da yatsu bayan sallar isha'i, har wata rana aka ji shi a bayan ɗaki yana maimaita wani take a kan turmi da karan dawa. Ya iya guda huɗu yanzu. A na biyar yakan gaggauta, kakan ya ce, "Sake, ba kora ta a kai ba," ya sake.

Da azumi ya kai ashirin da tara, wayar ta yi ƙara da hantsi. Daga fada ne. Dattijon ya sauko da jakar daga ƙusa, ya sa rigarsa ta Sallar bara. Uwar yaron ta ce hanya ba ta da kyau, kuma gaskiya ta faɗa. Uban ya daɗe tsaye a bakin zaure bai ce komai ba. Daga baya ya tayar da babur, ya ce in za a tafi a tafi tun rana na sama, a bi ayarin motocin kasuwa. Dattijon ya hau baya. Yaron ya shiga tsakaninsu, aka rataya masa jakar a wuya.